KA SAN YAWAN DAMMANKA, KA SAN YAWAN BAKUNAN GIDANKA?

 

Kullum a wannan fili zancen iri muke yi, da taki, da maganin ƙwari. Yau zancen mutane za mu yi. Kada ka ce malamin gona ya bar gonarsa ya shiga ta wani. Aikina ne ya kai ni ga wannan magana. Kowace kaka ina yawo gari-gari da igiyar awo da sikeli. Nakan auna fili mita 10 tsawo, mita 10 faɗi cikin gonar manomi. A yanke hatsin da ke ciki, a sussuka, a auna, don mu san abin da gona ta bayar. In na tambayi maigida dame nawa ya ɗaure bana, ko ya faɗa mini ko ya ɓoye, ya san adadin a zuciyarsa, ba ya kuskuren ko guda. In na tambaye shi baki nawa ne za su ci wannan hatsi har wata kaka, sai ya yi dariya ya ce: "Malam, ai ba a ƙidayar mutane."

To, ni a ganina nan ne muke kuskure. Wanda ya san abin da ya shiga rumbu, bai san yawan masu cinsa ba, rabin lissafi ya yi.

MU NAWA NE A NIJAR?

Na san dalilin da ya sa muke gudun ƙidaya. Zamanin Nasara, in aka rubuta sunan mutum, to lanho ya hau kansa, ko aikin dole, ko soja. Saboda haka kakanninmu suka riƙa ɓoye yara a ɗaka, wasu har cikin rumbu, in an ce mai ƙidaya ya shigo gari. Wannan tsoro ya bi mu har yau, alhali zamaninsa ya wuce.

Lokacin da muka samu mulkin kai a 1960, mutanen Nijar miliyan 3 ne da ɗoriya. Miliyan guda, ka tuna, dubu ce sau dubu. Daga baya hukuma ta bi gida-gida ta ƙidaya mu. Ga abin da aka samu:

A 1977, mutum miliyan 5 da dubu 100.
A 1988, miliyan 7 da dubu 250.
A 2001, miliyan 11 da dubu 60.
A 2012, miliyan 17 da dubu 138.

Ka sake karanta waɗannan layuka huɗu a hankali. Daga 1977 zuwa 2012 shekara 35 ke nan, ko tsufa mutum bai yi ba, amma mun ninka fiye da sau uku. Yau kuma masana lissafi suna kiyasin mun wuce miliyan 26.

Tsakanin 2001 da 2012, kowace shekara ana samun ƙarin mutum 39 a kan kowace dubu. Watau garin da ke da mutum 1000 bana, baɗi 1039 ne, bayan an cire waɗanda suka rasu. Za ka ce 39 ba wani abu ba ne. Ni ma haka na ce ranar da mushen lissafi ya rubuta mana shi a allo, muna lise. Sai ya sa muka yi ta ƙarawa shekara bayan shekara. Da muka kai shekara ta 18, mutum 1000 sun zama kusan 2000. Ke nan, da irin wannan tafiya, yaron da aka raɗa wa suna bana, kafin ya isa aure mutanen garinsu sun ninka.

INA MUKE ZAUNE?

Wani zai ce: "Ai ƙasarmu faɗi gare ta, ta ma fi Najeriya girma." Gaskiya ne. Faɗin Nijar murabba'in kilomita miliyan 1 da dubu 267 ne. Amma mafi yawansa hamada ce da dutse. Jahar Agadas ita kaɗai ta ɗauki fiye da rabin ƙasa, mutanenta kuwa a 2012 ba su kai dubu 500 ba. Mu saura mun matsu a gefen kudu, inda ruwan sama ke isa a shuka.

Dubi jahohinmu uku. A ƙidayar 2012, Damagaram tana da miliyan 3 da rabi, Maraɗi miliyan 3 da dubu 400, Tawa miliyan 3 da dubu 300. In ka haɗa su, cikin ƴan Nijar 10, mutum 6 suna cikin waɗannan jahohi. Jahar Maraɗi kuwa, in aka raba ƙasa kashi 30, kashi guda ne nata, amma cikin ƴan ƙasa 5, guda ɗan jahar Maraɗi ne. Shi ya sa a Madarunfa, ko Agye, ko Magarya, ko Matamai, ka fita daga wannan gari kana hangen wancan, kuma tsakaninsu babu dajin da ya rage.

Abu biyu kuma da ya kamata ka riƙe. Na farko, cikin ƴan Nijar 10, wajen 8 a ƙauye suke zaune, da noma da kiwo suke ci. Na biyu, kusan rabinmu yara ne da ba su kai shekara 15 ba. Ka leƙa gidanka ka gani ko ƙarya nake. Masu riƙe hauya kaɗan ne, masu miƙo ƙwarya sun fi yawa.

ME YA KAWO WANNAN ƘARUWA?

Alheri ne ya kawo ta, kuma dole mu gode wa Allah. Yara sun rage mutuwa. Binciken lafiya na 1992 ya nuna cewa cikin yara 1000 da aka haifa, 318 ba sa kai shekara 5. A 2012 adadin ya sauko zuwa 127. Agana ta ɓace. Allurar rigakafi ta karya ƙarfin ƙyanda. Gidan sauro ya shiga ɗakuna. Tun 2006 aka kafa dokar duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta a likita. Tambayi tsohuwar gidanku ƴaƴa nawa ta haifa, nawa ta rufe. Sannan ka tambayi matarka. Za ka ji bambanci.

Mutuwa ta ragu, haihuwa kuwa tana nan kusan yadda take. A 2012, in ka tara mata 10 na Nijar, lissafi ya nuna za su haifi ƴaƴa 76 a tsawon rayuwarsu. A Maraɗi da Damagaram sun wuce 80. A binciken 2021 adadin ƙasa ya sauko zuwa 62, amma har yanzu muna cikin ƙasashen da suka fi kowa haihuwa a duniya. Iyayenmu suna haihuwa da yawa don sun san mutuwa za ta ɗebi rabonta. Mu Allah ya sauƙaƙa mana wannan baƙin ciki, amma muna nan da lissafin da.

GONA BA TA HAIHUWA

Bari in ba ka labarin gidanmu, don kada ka ce da wani nake. Kakana shi ya sare daji da gatarinsa. Da na girma na auna gandunsa da igiya, ekta 12 ne. Ekta guda, mita 100 tsawo, mita 100 faɗi. Yana noma rabi, yana barin rabi saura ta huta. Ya rasu ya bar maza 4. Kowa ya samu ekta 3, bayan an danne rabon mata, abin da addini bai yarda da shi ba. Ubana ya haifi maza 6. Ranar da aka raba tasa, kowannenmu rabin ekta ya tashi da shi. Ni ina da albashi, na bar wa ƙanena nawa. Shi ke nan ekta guda gare shi, da mata biyu, da yara tara.

Yanzu mu yi lissafi tare. A gonar jigawa da ba ta samu taki ba, ekta guda takan ba da kilo 400 zuwa 500 na hatsi in damina ta yi kyau. Ma'aikatar noma kuwa tana lissafa wa mutum guda kilo 231 na tsaba a shekara, watau buhu 2 na kilo 100 da ɗan ƙari. Ke nan ekta guda mutum 2 take ciyarwa. Gidan ƙanena mutum 12 ne. Hatsinsa ba ya kai shi tsakiyar ɗari. Sauran shekara sai saye, sai bashi, sai cin rani.

Mu koma ga garin nan mai mutum 1000. Ƙarin mutum 39 yana bukatar ƙarin buhu 90 kowace shekara. Buhu 90 kuwa sabuwar gona ce ta wajen ekta 20. Bana 20, baɗi 20, baɗin baɗaɗa 20. Ina za a same ta? Shekaru da yawa amsarmu ita ce mu sare daji. Da daji ya ƙare, muka nome saura. Da saura ta ƙare, muka shiga burtali da makiyaya. Muka haura arewa, har muka tsallake iyakar noma da dokar 1961 ta shata, muka kai hatsi inda ruwa ba ya isarsa.

Mun kuwa ga abin da ya biyo baya. Gonar da ba ta hutawa ta gaji, ta zama faƙo. Manomi da makiyayi, waɗanda a da suke musayar hatsi da nono, da kara da taki, sun koma kallon juna da mugun ido. Ba mu manta da abin da ya faru a Toda, cikin jahar Maraɗi, a 1991 ba, inda aka kashe fiye da mutum 100, galibi mata da yara. A garuruwa da yawa na kudu, amarya ba ta samun gamana kamar yadda uwarta ta samu, don babu abin da za a yanka mata. Samari sun watse Najeriya, Libiya, Aljeriya, Kwaddibuwa. Yanzu har mata da goyo suna bin hanya. A watan Oktoba na 2013, mutum 92 suka mutu da ƙishirwa cikin hamada gaba da Arlit, a kan hanyar Aljeriya. Mafi yawansu mata ne da yara, kuma da yawa daga yankin Kance suka fito, inda ƙasa ta fi matsewa. Wanda rumbunsa ke cike ba ya ɗaukar jariri ya shiga hamada.

NA SAN ABIN DA ZA KA CE

Za ka ce: "Bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci." Na yarda. Allah ne mai ciyarwa. Amma ban taɓa ganin ka zauna a inuwa ranar shuka ba, kana cewa Allah zai ciyar. Da asuba kake fita da sungumi. Kana ajiye iri. Kana gyara jinkar rumbu kafin ruwa. Malamai sun koya mana mutum ya ɗaure raƙuminsa, sannan ya dogara ga Allah. Don me za mu yi dabara a kan kome, mu bar iyali kaɗai babu dabara?

Za ka ce: "Ƴaƴa su ne dukiyar talaka, su ne hannuwan noma." Zamanin kakana haka ne. Ƙasa tana da yawa, hannu ne ya yi kaɗan, mai ƴaƴa goma shi ke sare daji ya zama sarkin noma. Yau abin ya juya. Hannu ya yi yawa, ƙasa ta yi kaɗan. Ekta guda, mutum biyu sun gama nomanta cikin ƴan kwanaki. Sauran samari takwas me za su noma?

Za ka ce: "Wannan maganar Nasara ce, ba sa son mu yawaita." To, tambayi kakarka mene ne kwanika. A zamaninsu macen da ta yi ciki da goyo a baya abin kunya ta yi, ita da mijinta, har waƙa ake yi musu. Mace takan tafi gidan iyayenta ta haihu, ta daɗe tana hutawa. Addininmu ya ambaci shayarwa ta shekara biyu. Hutun haihuwa namu ne tun fil'azal. Mu ne muka sake shi, kuma sakamakonsa muke gani a ɗakin masu tamowa na likita: yaron da aka yaye da wuri, gashi ya yi ja, ciki ya kumbura, uwa kuma ga ta da wani cikin, jini ya ƙare mata.

Ka ji ni da kyau. Ban ce ka haifi kaza ka tsaya ba. Ba ni da wannan iko, hukuma ma ba ta da shi. Abin da nake cewa, kai malamin kanka ne a gona: ka san in ka bar hatsi goma cikin rami guda ba ka cire ba, babu wanda zai yi zangarniyar kirki. Ka san amfanin tazara tsakanin shuka da shuka. Ka yi wa iyalinka adalcin da kake yi wa gonarka.

ABIN DA ZA KA IYA YI DA HANNUNKA

Na ɗaya, ka yi ƙidayar gidanka. Ka sha wahalar makarantar yaƙi da jahilci, ka iya rubutu da lissafi. Ga ranar amfaninsu. Ɗauki takarda ka raba ta biyu. A dama ka rubuta sunan duk mai cin tuwon gidanka, da shekarunsa. A hagu ka rubuta damman da ka ɗaure, da tiya nawa dame ke bayarwa. Ka san tiya nawa ake aunawa a gidanka kowace rana. Raba ka gani wata nawa hatsinka zai kai ka. Ka yi wannan tun kaka, kafin ka sayar da tiya guda don biki. Ka kuma kira uwargida ku duba tare, don ita ke riƙe da ƙwaryar awo.

Na biyu, tun da gona ba za ta ƙara faɗi ba, sai ta ƙara albarka. Wannan ba mafarki ba ne, mu muka nuna wa duniya shi. Tun shekarun 1980 manoman Maraɗi da Damagaram suka kama sassaben zamani, suna barin tohon itace a gona suna gyara shi. Masu bincike sun kiyasta ekta miliyan 5 ne suka farfaɗo ta haka, da itatuwa wajen miliyan 200. Dubi hatsin da ke ƙarƙashin gawo ka gwada shi da na fili. A Illela da Badagishiri, tassa ta mai da faƙo gona. A Keita an tare ruwa da duwatsu, tudun da ya mutu ya yi kore. Ka kai takin gida gona, kada ka bar shi bakin garka. Takin zamani in ya yi tsada, abin da yatsu uku suka ɗauka a kowane rami ya isa ya nuna bambanci. Ka nemi iri mai saurin nuna, irin hatsin HKP. Ka haɗa da wake. In akwai fadama ko rijiya kusa, ka yi noman rani. Ekta guda da aka kula da ita tana iya ba da ninkin abin da take bayarwa. Amma ka lura: ninki guda ne. In bakuna suka ninka kowace shekara 18, gona ba za ta iya wannan tsere ita kaɗai ba.

Na uku, ka bar matarka ta huta tsakanin haihuwa da haihuwa. Ka raka ta likita da kanka ku ji bayani, ana ba da shawara da magani kyauta. A jahar Damagaram aka fara abin da ake kira makarantar mazaje, inda magidanta ke zama suna tattauna lafiyar matansu, kuma ta bazu zuwa sauran jahohi. Babu wanda rawaninsa ya faɗi don ya zauna a wurin. Haka kuma kada ka yi gaggawar aurar da ɗiyarka. Binciken 2012 ya nuna cikin mata 4 na ƙasarmu, 3 an yi musu aure kafin shekara 18. Yarinyar da ƙugunta bai yi ƙwari ba, ita ke shan doguwar naƙuda, ita ke gamuwa da yoyon fitsari. Na san wani lokaci rashin abinci ne ke sa uba ya rage baki guda. Amma bakin da ka fitar bana, baɗi yana iya komo maka da goyo da ciwo.

Na huɗu, ka yarda ba dukan ƴaƴanka ne za su ci daga gonarka ba. Tun suna ƙanana ka raba musu hanya. Ka sa su lakwal, maza da mata, ka kuma bar su su daɗe. Wani ya koyi ɗinki, wani walda, wani gyaran famfo ko babur, wata ta koyi matsar mai ko kiwon turka. Ka yi wa kowane yaro takardar haihuwa. Ka je wurin kwamitin kula da filaye, wanda dokar karkara ta 1993 ta tanada, a rubuta iyakar gonarka tun kana da rai. Na sha ganin ƴan uwa ciki ɗaya gaban alƙali saboda taku biyar na ƙasa.

HUKUMA MA TANA DA NATA

Ba zan ɗora wa manomi dukan kaya ba. Yawan jama'a ƙarfi ne ga ƙasa in an ilimantar da su, an ba su lafiya da aikin yi. Kowace shekara dubban ɗaruruwan yara suna isa shiga lakwal. Suna bukatar aji, da malami, da allo, ba rumfar kara da iska ke kwashewa ba. Likita tana bukatar magani a cikinta. Manomi yana bukatar iri da taki su iso kafin ruwan shuka, da madatsun ruwa, da hanyar kai kaya kasuwa. Mu ma'aikata dole mu faɗa wa na sama gaskiyar abin da muke aunawa.

Amma hukuma da lissafi take aiki. Garin da ya ɓoye rabin yaransa, rabin aji za a gina masa, rabin allura za a kawo masa, rabin taimako zai samu ranar fari. Saboda haka duk ranar da masu ƙidaya suka yi sallama a ƙofarka, ka shimfiɗa musu tabarma, ka faɗi kowa: jariri, da tsoho, da ɗan riƙo, da mai lalura. Babu wanda za a bari a ɗaka.

Ina roƙonka ka karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba wannan takarda, a dandali ko bayan sallar isha'i. Ku yi gardama a kanta. Wanda bai yarda da ni ba ya rubuto wasiƙa gidan radiyo, za a karanta ta, ni kuma zan amsa. In na zo garinku da igiyar awo a kaka mai zuwa, zan tambaye ka damma, zan tambaye ka bakuna. Ina fatan in same ka da takardarka a hannu.

Allah ya raya mana abin da ya ba mu, ya sa albarka a gonakinmu, ya ba mu damina mai kyau. Amin.

Naka,
Malamin gona.